Jemage da Kwaɗon Ciyawa a Cikin Badala: Dabaru Biyu na Ƙetare Rani da Abin da Suke Nufi ga Unguwar Mandawari

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta halittu biyu da babu dangantaka ta kusa a tsakaninsu: jemage mai cin 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Eidolon helvum, da ƙaramin kwaɗo mai hawa ciyayi da rassa, Hyperolius nitidulus, wanda za a riƙa kiran sa kwaɗon ciyawa a nan. Abin da ya haɗa su shi ne matsala guda, wato dogon rani na ƙasashen sabana. Jemage yana maganin rani da tafiya, kwaɗon kuwa da zama wuri ɗaya. An dogara da binciken da aka yi a Gana da Kwaddibuwa da Zambiya da Nijeriya, sannan aka auna sakamakon da yanayin tsohon birnin Kano, musamman unguwar Mandawari. Maƙalar ta nuna cewa jerin halittun da ke cikin haɗari na duniya ya sa jemage a gaban kwaɗon, amma a cikin badala lissafin ya juye, domin mazaunin kwaɗon ne ya fi saurin ɓacewa.

Gabatarwa



A al'adar nazarin halittu, dangi ake kwatantawa da dangi: jemage da birbiri, ko kwaɗo da burduddugi. Wanda ya ɗauko dabba mai shayarwa, mai gashi da fiffike, ya ajiye ta kusa da halitta mai sanyin jini wadda ke fara rayuwarta a cikin ruwa, dole a tambaye shi dalili. Dalilina shi ne yanayin Kano. Ruwan sama yana sauka ne daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta, daga nan sai wata bakwai ko fiye babu ɗigo. A cikin watannin nan akwai hunturu mai busar da komai, akwai kuma bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Duk wata halitta da ke da fata mai saurin zubar da ruwa, sai ta sami amsar wannan. Fiffiken jemage fata ce siririya shimfiɗaɗɗiya; jikin kwaɗo gaba ɗaya fata ce mai laima. Ke nan tambaya guda aka yi musu, suka ba da amsoshi masu hannun riga da juna.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi damu na. Mu mutanen birni muna auna lafiyar muhallinmu da abin da ido ke gani. Muddin jemagu na fitowa da magariba suna cika sararin sama, sai mu ɗauka namun dawan cikin gari suna nan lafiya. Wannan awo yana da rauni, kuma kwatanta jemage da kwaɗon ciyawa hanya ce mai sauƙi ta nuna inda raunin yake.

Mandawari: itatuwa da kududdufai

Mandawari tana cikin ƙaramar hukumar Gwale, ba nisa da Gidan Rumfa ta ɓangaren yamma. Tsohuwar unguwa ce ƙwarai. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya lissafa Mandawali cikin Wangarawan da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma ruwayar da aka fi sani tana danganta sunan unguwar da shi. Ban kawo wannan don ado ba. Unguwar da ta shekara ɗari shida ana gina ta da ƙasa, ana yaɓe, ana gyara bayan kowace damina, dole ta haƙa ƙasar a wani wuri. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Haka badala ma, wadda aka fara a zamanin Gijimasu a ƙarni na 12, daga gefenta aka ɗebi ƙasarta.

Clapperton da ya shigo Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, duka sun rubuta labarin ruwan da ke kwance a cikin birni, da fadamar Jakara da ta ratsa shi, kuma duka sun yi ƙorafin cutar da yake jawowa. Abin da ba su duba ba shi ne aikin da ruwan yake yi: yana karɓar ambaliyar Agusta, yana ciyar da rijiyoyi, gefensa kuma yana tsirar da ciyayi masu tsayi. Ba tare da kowa ya shirya hakan ba, maginan Kano sun yi wa kwaɗi gidaje masu yawa a tsakiyar gari.

Da bulo da siminti suka maye gurbin tubali, sai kududdufi ya rasa mai buƙatarsa. Aka mayar da shi juji, ya cike da shara da leda, aka bi da ƙasa aka danne, aka yanka filaye. Aliyu Salisu Barau na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun bi diddigin wannan sauyi a binciken da suka buga a 2015 kan yadda surar birnin Kano ta canja, inda raguwar kududdufai da filayen da babu gini ta fito fili. Duk wanda ya haura shekara hamsin a Mandawari ko Galadanci ko Diso zai iya nuna gidaje da shagunan da a da ruwa ne.

Itatuwa ma sun ragu. Durumi da ceɗiya na ƙofar gida, da rimi, da tsamiya, yawancinsu sun tafi da faɗaɗa titi da ƙarin ɗaki. Sai dai akwai bambanci guda: manyan itatuwan da ke cikin Gidan Rumfa, gidan da aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa tsakanin 1463 da 1499, katanga da alfarmar sarauta sun kare su. A kansu jemagun da mutanen Mandawari ke gani da almuru suke yini. Jemage ya sami mai tsaron ƙofa. Kududdufi bai samu ba.

Jemage: mai maganin rani da fiffike

Kerr ne ya fara bayyana Eidolon helvum a rubuce a 1792. Yana cikin manyan jemagun Afirka, nauyinsa galibi tsakanin giram 250 da 300, faɗin fikafikansa idan ya buɗe ya kai wajen santimita 75 zuwa 80. Gashin wuyansa da bayansa ruwan kara ne, fikafikan kuwa baƙaƙe. Ba ya neman hanya da amsa-kuwwar sauti irin ta birbiri. Da manyan idanunsa da hancinsa yake aiki. Ba kasafai yake shiga kogo ko rufin ɗaki ba. A fili yake yini, rataye a reshe, jiki na gugar jiki, har reshe ya kan karye saboda nauyi. Idan rana ta take, za a ga yana kaɗa fiffike yana lasar jikinsa don ya huce, abin da ke ci masa ruwa. Ruwan nan daga abinci yake mayar da shi: yakan tauna ɗan itace, ya matse shi da harshe a ganɗa, ya haɗiye ruwan da ƙananan iri, ya tofar da tuƙar. Wanda ke share ƙarƙashin darbejiya ko ɓaure da safe ya san wannan tuƙa.

Halittar da ruwanta da abincinta duka ke cikin 'ya'yan itace ba ta da zaɓi, sai ta bi inda itace ke 'ya'ya. Tafiyar tasa iri biyu ce. Ta farko ita ce ta kowane dare. Jakob Fahr da abokan aikinsa sun ɗaura wa jemagun birnin Akara ƙananan na'urorin bin sawu, suka buga sakamakon a 2015: da damina jemage yakan yi kiwo a tazarar da ba ta wuce kilomita 37 daga makwancinsa ba, amma da rani wasu sun kai kusan kilomita 88, su ci, su dawo kafin gari ya waye. A ma'aunin Kano, jemagen da ya tashi daga cikin gari yana iya cin abincin darensa a lambunan Kura ko Wudil ko Bichi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Saboda haka sare itatuwan Mandawari bai hana shi ci ba. Ya dai ƙara masa tafiya.

Ta biyu ita ce ƙaura ta shekara. Tun 1983 Thomas ya nuna, daga aikinsa a Kwaddibuwa, cewa wannan jemage yana barin kurmin kudu a farkon damina ya bi ruwa zuwa arewa, cikin sabana, sannan ya koma idan ruwa ya ɗauke. Ƙidayar da aka yi daga baya ta dace da haka: taron Akara yana cika da rani, na Wagadugu kuma da damina. Kano da Wagadugu kusan layi guda suke, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka abin da lissafi ke bayarwa shi ne taron Kano ma ya riƙa hawa da sauka da damina. A kudancin nahiyar, miliyoyinsu ke taruwa a dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba, kuma Richter da Cumming sun bi wasu daga can da tauraron ɗan'adam, suka ba da rahoto a 2008 cewa ɗaya ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,500 cikin wata biyar. Wannan yawo shi ya sa Alison Peel da abokan aikinta, da suka gwada ƙwayoyin gadon jemagun ƙasashe da dama a 2013, suka tarar na babban yankin Afirka duk garke guda ne, babu wata katanga ta jini tsakanin na yamma da na gabas.

Haihuwarsa ma an ɗaura ta a kan kalandar ruwa. Mutere a Kamfala, da Fayenuwo da Halstead a Ile-Ife, sun gano cewa barbara tana faruwa tsakanin Afrilu da Yuni, amma cikin sai ya kwanta, ba ya fara girma sai wajen Oktoba ko Nuwamba, a haihu a Fabrairu zuwa Maris, gab da tashi zuwa arewa. Ɗa guda ake haifa a shekara, uwar kuma tana tashi da shi manne a ƙirjinta. A riƙe wannan adadi, domin za mu dawo kansa. Jemage yana iya wuce shekara goma a raye, an ma sami wanda ya haura ashirin a hannun masu kiwo, amma garkensa a hankali yake ƙaruwa.

Amfaninsa ga itatuwa ba ƙarami ba ne. Yana shan ruwan furen kuka da rimi da ɗorawa, waɗanda da dare suke buɗewa, yana kai musu garin barbara daga wata bishiya zuwa wata. Michael Abedi-Lartey ya auna a 2016 cewa iri yakan yi kusan awa biyu a cikinsa a matsakaici, wani lokaci har awa 19, abin da ke ba shi damar yar da iri a nisan kilomita 75. Wani lissafi na 2019 ya nuna taron jemagu 150,000 yana iya watsa ƙananan iri fiye da 300,000 a dare guda. Matar da ke dafa daddawa tana cin moriyar jemage ko ba ta taɓa tunanin haka ba.

Kwaɗon ciyawa: mai maganin rani da zama

Peters ne ya bayyana Hyperolius nitidulus a 1875, daga samfurin da aka samo a ƙasar Yarbawa. Mazauninsa sabanar Afirka ta Yamma, daga Gini da Mali zuwa Nijeriya da Kamaru. An daɗe ana lissafa shi a matsayin reshen wani nau'in mai faɗi, Hyperolius viridiflavus, kuma da wannan sunan tsofaffin takardu suka ambace shi; Arne Schiøtz, ɗan ƙasar Denmak wanda ya yi aiki a Nijeriya, ya tattara bayanin danginsa a littafinsa na 1967 kan kwaɗin bishiya na Afirka ta Yamma. Babbansa bai cika wuce milimita 30 ba, nauyinsa wajen giram 1. Sai an tara kusan ɗari uku kafin su yi nauyin jemage guda. A kan yatsunsa akwai 'yan faifai masu manne wa ganye, da su yake hawa. Da damina, bayan faɗuwar rana, mazan kan hau ciyayin bakin ruwa su yi ta wani gajeren kuka mai amon ƙarfe, wanda ya sha bamban da gurnanin kwaɗon gida. Mutane da yawa sun sha jin sa suna zaton ƙwaro ne.

Macen tana zuba ƙwai a cikin ruwa, manne da ciyawa, daga kusan ɗari zuwa ɗaruruwa a zubi guda, kuma tana iya maimaitawa sau da dama a damina ɗaya. 'Ya'yan masu wutsiya suna yin mako shida zuwa takwas a ruwa kafin su fito da ƙafafu. Har nan babu abin mamaki. Abin mamakin yana farawa ne idan ruwa ya ɗauke.

Yawancin kwaɗin sabana ƙasa suke shiga, ko su laɓe a ramuka da tsagar laka inda akwai sauran laima. Wannan ba ya haƙa. Manyan da suka hayayyafa kusan duk mutuwa suke yi a farkon rani, saboda sun ƙarar da ƙarfinsu wajen kuka da ƙwai, jikinsu kuma ba ya iya sauyawa. Ƙananan da suka fito daga ruwa a ƙarshen damina su ne ke ɗauke da zuriyar. Kowanne yakan hau busasshiyar ciyawa ko reshe, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin ciki, ya manne, ya zauna a fili cikin rana da iskar hunturu, ba ci, wata da watanni.

K. Eduard Linsenmair na Jami'ar Würzburg da ɗalibansa, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a dajin Comoé na arewacin Kwaddibuwa, su suka warware yadda hakan ke yiwuwa, a jerin takardun da suka fara fitowa a 1986. Abu na farko, fatar bayansa tana cika da wasu ƙwayoyi masu ɗauke da siraran lu'ulu'u na sinadarin guwanin, jere bisa jere, waɗanda ke mayar da hasken rana. Da zafi ya yi tsanani sai kwaɗon ya koma fari fat, kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa, kuma dalilin guda ne: fari ba ya riƙe zafi. Abu na biyu ya fi ba ni sha'awa. Kowace dabba tana tara dattin sinadarin naitirojin a jininta, kuma kwaɗo da fitsari mai yawa yake fitar da nasa. Wanda ke tattalin kowane ɗigo ba shi da halin yin fitsari. Sai wannan kwaɗon ya tara wani kaso a matsayin yuriya, sinadarin da manoma suka sani a taki, wani kason kuma ya mayar da shi guwanin ya ajiye a fata. Wato dattin da zai kashe shi, shi ne ya zama garkuwarsa daga rana. Abu na uku, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa, wadda yake ɓoyewa idan ya naɗe, cike take da jijiyoyin jini har tana yin ja. Da ya sami raɓa ko yayyafi sai ya buɗe ta ya tsotse ruwa cikin ɗan lokaci. Ban da waɗannan, yana rage aikin jikinsa ƙwarai, ya rayu da kitsen da ya tara kafin ruwa ya ɗauke.

Lampert da Linsenmair sun ƙara wani bayani a 2002. 'Ya'yan farkon damina ba sa shirin rani ko kaɗan. Girma suke yi da sauri su hayayyafa a daminar da aka haife su. Na ƙarshen damina ne ke tara kitse da guwanin. Iyaye ɗaya, hanyoyi biyu, gwargwadon lokacin fitowa daga ruwa. A nan ya kamata mai nazari a Kano ya tsaya. Daminar Comoé ta fi tamu tsawo da wata biyu ko fiye. A inda ruwa ke zama wata huɗu kacal, samun zuriya biyu a shekara zai yi wuya, ranin da ƙananan za su jure kuma ya fi tsawo. Don haka duk abin da ya rage kwanakin da kududdufi ke riƙe ruwa, ko da mako biyu ne, yana iya hana 'ya'yan kammala mako shida ɗin da suke buƙata.

Inda lissafin ya juye

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Eidolon helvum cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari tun 2008, saboda farauta da sare itatuwa. Hujjar tana da ƙarfi: Kamins da abokan aikinta sun ƙiyasta a 2011 cewa ana sayar da aƙalla 128,000 a shekara a kasuwannin naman daji na kudancin Gana kaɗai, kuma taron Kamfala da Mutere ya yi nazari ya ragu matuƙa bayan an sare itatuwansa. Hyperolius nitidulus kuwa yana rukunin waɗanda babu damuwa a kansu, domin yankinsa na da faɗi, kuma yana rayuwa har a gonaki.

Wannan hukunci daidai ne a ma'aunin nahiya. A ma'aunin unguwa ba ya aiki. Abin da jemage ke nema a cikin birni kaɗan ne: dogayen itatuwa a wuri guda da ba a tsangwamar sa. Sauran buƙatunsa yana samo su daga nesa. Kanawa kuma ba maciya jemage ba ne, iyakaci yara da danƙo. Kwaɗon ciyawa kuwa duk rayuwarsa a cikin 'yan mitoci take, kuma abu uku yake so a haɗe: ruwan da zai zauna aƙalla wata biyu, ruwan da bai cika da omo da baƙin mai ba domin fatarsa tana shan duk abin da ke ciki, da ciyawar da za ta tsaya a tsaye daga Oktoba har saukar ruwa. Na ukun nan shi ake mantawa. Ko an bar kududdufi, idan masu yankan ciyawa da awaki da wutar juji suka share gefensa a Disamba, an kashe zuriyar shekarar baki ɗaya, tunda manyan sun riga sun mutu. Kuma babu hanyar da wasu za su zo daga waje su maye gurbi, domin halitta mai milimita 30 ba ta ƙetare kwalta da lunguna masu siminti.

Ta fuskar farfaɗowa kuma abin ya sake juyawa. Kwaɗon da ke zuba ɗaruruwan ƙwai yana iya cika wuri cikin damina biyu ko uku idan aka mayar masa da ruwa da ciyawa, muddin akwai sauran iri a kusa. Jemage mai ɗa guda a shekara, idan aka yi masa kisan yawa ko aka sare makwancinsa a lokacin goyo, sai a yi shekaru ba a ga ya koma yadda yake ba. Shi ya sa tsari guda ba zai yi wa su biyun ba. Abin da ke kashe jemage shi ne a taɓa shi kansa ko bishiyarsa; abin da ke kashe kwaɗon shi ne a taɓa wurinsa.

Ƙorafin maƙwabta

Ba zai yi kyau masani ya zo daga jami'a ya yi wa mutanen Mandawari wa'azin kududdufi ba, alhali ba shi ke kwana da sauronsa ba. Ƙorafinsu gaskiya ne. Ruwan da ya gurɓace yana haifar da sauro mai hana barci, wanda ya fi tsabta kuma yana iya haifar da sauron zazzaɓin cizon sauro. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya a irin wannan ruwa take zama. Yara suna nutsewa. Kuma kada a yi wa kwaɗo tallan da ba nasa ba: yana cin ƙananan ƙwari, har da sauro, amma ba zai raba unguwa da zazzaɓi ba. Hujjar barin sauran kududdufai ita ce ambaliya da rijiyoyi. Ruwan Agusta da ya rasa ramin da ya saba shiga, gidajen mutane yake shiga. Kwaɗon ciyawa a nan ma'auni ne mai arha: inda ake jin kukansa, ruwan bai mutu ba tukuna.

Jemage ma yana da nasa laifin: hayaniya, wari, kashi a kan shanya, ɓarnar mangwaro da gwaiba. Akwai kuma batun cuta. A jikin wannan nau'in aka fara gano ƙwayar cutar da ake kira ta jemagen Legas a 1956, dangin ta haukan kare, kuma bincike a Gana ya sami alamun wasu ƙwayoyin a jininsa. Maganin shi ne kada a taɓa shi da hannu, a hana yara wasa da wanda ya faɗo, a wanke ɗan itacen da aka tsinta, a bar wanda ya gutsura. Korar taro ko kashe shi ba magani ba ne. A mahaƙar Kitaka ta Yuganda an hallaka wani nau'in jemage na kogo a 2008 don kawar da cutar Marburg; da wasu suka dawo suka cika wurin, sai aka tarar kason masu ɗauke da cutar ya fi na da.

Ga masu neman madogara a addini, ba sai an je nesa ba. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya nemi sa shi a haɗinsa. Malaman unguwa irin Mandawari sun fi mu sanin wannan, kuma maganarsu ta fi tamu shiga.

Aikin da ke gabanmu

Ƙirga jemagu ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Hanyar da ake bi a Akara da Wagadugu ita ce a je da rana sau ɗaya a wata, a ƙiyasta adadin da ke kan reshe, a ninka da yawan rassa, a haɗa na bishiyoyi. Da izinin masarauta, ɗalibai biyu za su iya yin wannan a Gidan Rumfa, kuma ƙidayar shekara biyu ta isa ta nuna watan da taron ke cika da watan da yake raguwa, da lokacin da mata ke goyo, wanda a cikinsa bai kamata a yi sassabe ko datse rassa ba.

Na kwaɗi da kunne ake yi. A fara da zana taswirar ramukan da har yanzu ke tara ruwa a Mandawari da maƙwabtanta, tare da dattawan da za su nuna inda na da suke, a rubuta ranar da kowanne ya cika da ranar da ya ƙafe. Daga Yuli zuwa Satumba a je bayan sallar isha'i, da sanin mai unguwa, a naɗi kukan da wayar hannu na minti goma a kowane wuri. Kukan kowane nau'i daban yake, ana iya tantance shi daga baya. Don a sami abin gwadawa, a yi irin wannan naɗi a fadamun wajen gari inda ciyawa ke nan. A Fabrairu da Maris kuma a koma da rana a duba busassun ciyayi a nemi fararen ƙananan. A wuri ɗaya ko biyu a roƙi masu yankan ciyawa su bar zirin da bai wuce faɗin mita biyu ba a bakin ruwa har damina ta dawo, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, sannan a gwada yawan masu kuka a can da na wuraren da aka share.